Mai Takarda Shi Ke Da Bakin Magana



Mu ne malaman nan huɗu da ke koyarwa a ajin dare na kwamfuta, wanda unguwa ke tara wa kuɗin data da na man janareto duk wata. A taron da aka yi bayan La'asar ranar Lahadin da ta wuce, wasu daga cikin iyayenmu sun miƙe sun ce a dakatar da wannan kuɗi. Dalilinsu shi ne wai mun bar koya wa yara buga takarda da cike fom ɗin jarrabawa, mun koma nuna musu tarihin 'yan gidan yarin Amurka, kuma wai wannan koyar da tsageranci ne. An ɗage maganar zuwa taro na gaba. A wurin ba mu ce uffan ba, don ba a yi mana tarbiyyar mayar wa babba magana a gaban jama'a ba. Amma shirun nan na ladabi ne kawai, shi ya sa muka roƙi fili a wannan mujalla. Wanda maganarmu ta yi wa zafi ya yi haƙuri, yara 30 ne da ɗoriya za su koma zaman bakin titi idan aka kashe ajin nan.

Ga yadda abin ya faro. Wani ɗalibinmu ya zo aji da riga mai hoton Tupac Shakur, mawaƙin Amurka da aka harbe a 1996, irin rigunan nan da ke jibge a gwanjo. Muka ce masa, wane ne wannan a ƙirjinka? Ya ce mawaƙi ne. Ɗan waye? Shiru. Dama darasin daren shi ne yadda ake neman bayani a intanet, sai muka ce to, mu gwada da wannan sunan.

Inda muka kai su wani rumbun tarihi ne mai suna Freedom Archives, wanda aka kafa a 1999 a birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya. Waɗanda suka kafa shi 'yan gwagwarmaya ne da masu shirye-shiryen rediyo, mutanen da suka shafe shekaru suna naɗar muryoyi a wurin taruka da harabar kotuna da gidajen yari. Suka tattaro kasa-kasan da ke ƙura a gidajensu, dubban sa'o'i na sauti da bidiyo tun daga ƙarshen shekarun 1960, da tsofaffin jaridu da wasiƙu da takardun da ake rabawa a titi, suka jera su, suka ɗora da yawa daga ciki a intanet kyauta. Akwai ɗan akwati a shafin. Ka rubuta suna da Turanci, sai ya jero maka abin da ke akwai, ya nuna maka shekara, da waɗanda suka fitar da abin, da ko murya ce ko takarda. Shi ke nan fa. Babu wani tsafi a ciki.

Da muka bi sunan Shakur sai ya kai mu ga mahaifiyar mawaƙin, Afeni Shakur. Ita 'yar jam'iyyar Black Panther ce, wato Baƙar Damisa, wadda Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a Oklan a watan Oktoba 1966. Rabin ajin sun ɗauka fim ɗin nan ake nufi. A watan Afrilu 1969 aka tuhumi 'yan jam'iyyar su 21 a Niyok da shirin dasa bamabamai, har da ita. Ta ƙi ɗaukar lauya, ta tsaya da kanta tana yi wa ɗan sandan cikin da aka cusa musu tambayoyi, ga ta da ciki. A watan Mayu 1971 kotu ta sallame su daga dukkan tuhume-tuhumen, bayan wata ɗaya ta haifi Tupac. Yaron nan mai riga ya zauna shiru, can ya ce, Malam, ashe uwar ta fi ɗan labari. Daga nan su da kansu suka roƙa a ware daren Alhamis don wannan bincike. Sauran darare huɗun kuwa, duk wanda ya leƙo ya san buga takarda da lissafin kwamfuta muke yi. Laifin namu ke nan gaba ɗaya.

Zarge-zarge uku aka yi mana a taron. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, an ce mutanen nan ai masu laifi ne, kotun ƙasarsu ce ta ɗaure su, mu waye da za mu kira su fursunonin siyasa? To madalla. Ga labarin Geronimo Pratt, tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Biyetnam ya dawo ya zama jagoran Baƙar Damisa a Los Anjeles. A 1972 aka ɗaure shi bisa kisan wata malamar makaranta. Ya yi ta rantsuwa cewa a daren da aka yi kisan yana Oklan, ɗaruruwan kilomita daga wurin. Ba a saurare shi ba. Ya yi shekara 27 a gidan yari, 8 daga ciki a ɗakin kaɗaici. A 1997 wani alƙali ya soke hukuncin, domin ta bayyana cewa babban mai shaidar da aka dogara da shi ɗan rahoton hukuma ne, kuma masu gabatar da ƙara sun ɓoye hakan. Aka biya shi diyyar dala miliyan 4 da rabi. Ya tattara ya koma Tanzaniya, a can ya rasu a 2011. Iyayenmu, kotun ƙasarsu ce ta ɗaure shi, kuma kotun ƙasarsu ce ta ce an zalunce shi. Wace ce daga ciki za mu bi?

Ga kuma Fred Hampton, shugaban jam'iyyar a Shikago, ɗan shekara 21. Da asubahin 4 ga Disamba 1969 'yan sanda suka faɗa gidansa suka harbe shi a kan gado, wadda zai aura, mai tsohon ciki, na gefensa, suka kashe abokinsa Mark Clark. Suka ce musayar wuta aka yi. Har wata babbar jarida ta buga hoton ƙofa tana nuna wai ga ramukan harsasan da 'yan jam'iyyar suka harba. Da aka je aka duba, kawunan ƙusoshi ne. Binciken gwamnatin tarayyarsu ya gano cewa 'yan sanda sun yi harbi sama da 80, daga cikin gidan kuwa harbi ɗaya tak aka yi. Daga baya aka gane cewa wanda ke kula da tsaron Hampton ɗin, ɗan rahoton hukumar FBI ne, shi ya zana musu taswirar gidan har da inda gadon yake. A 1982 gwamnati ta biya iyalai diyya.

Ta yaya duniya ta san waɗannan abubuwa? A daren 8 ga Maris 1971, lokacin da hankalin kowa ke kan damben Muhammad Ali da Joe Frazier, wasu mutum 8 suka fasa wani ƙaramin ofishin FBI a garin Midiya na jihar Fensilbaniya, suka kwashe takardu fiye da 1,000, suka aika wa jaridu. A cikin takardun aka fara ganin kalmar COINTELPRO, sunan wani shirin ɓoye da hukumar ta gudanar daga 1956 zuwa 1971 don tarwatsa ƙungiyoyin da ba ta so, ta hanyar cusa 'yan rahoto, da rubuta wasiƙun ƙarya don haɗa 'yan'uwa faɗa, da ɓata sunan shugabanni. Ko Martin Luther King, wanda bai taɓa ɗaukar ko sanda ba, sai da suka aika masa wasiƙar da ba sa hannu a 1964 suna tunzura shi ya kashe kansa. Wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya bincika ya fitar da rahoto a 1976. Yau ita kanta FBI ta ɗora tarin takardun nan a shafinta. Mun sa yara sun buɗe su, sun gwada da abin da ke cikin rumbun. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai an sami wanda ya ajiye takarda kafin a kai ƙarshensa.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai ɗaya gefen. Wasu daga cikin mutanen da rumbun nan ke kira fursunonin siyasa an same su da laifin kashe 'yan sanda, kuma har yau ba a wanke su ba. Mumia Abu-Jamal na gidan yari tun 1981 bisa kisan wani ɗan sanda a Filadelfiya, magoya bayansa na cewa ba a yi masa shari'ar adalci ba, iyalin mamacin kuwa na cewa shi ne. Wasu sun ɗauki bindiga da gangan, sun faɗa da bakinsu. A cikin jam'iyyar ma an yi kashe-kashe tsakanin 'yan'uwa. Kuma rumbun yana da ɓangare, masu shi ba su taɓa cewa su 'yan ba-ruwanmu ba ne. Duk mun faɗa wa yara wannan. Dokarmu a aji ita ce, kafin ka yarda da takarda ka tambaya wa ya rubuta ta, a wace shekara, me yake nema, sannan ka nemo abin da abokin hamayyarsa ya ce. Yanzu don Allah, a unguwar da saƙon murya ɗaya na WhatsApp ke sa a rufe shaguna kafin Azahar, akwai darasin da ya fi wannan amfani?

Zargi na biyu, an ce ina ruwanmu da baƙaƙen Amurka, mu da ke fama da tsadar goro da kuɗin haya? Wani ma ya ce ko alƙibla ba su sani ba. Haba Baba. A watan Mayu 1964, bayan ya sauke farali a Makka, Malcolm X, wato Alhaji Malik, ya zo nan Badun ya yi jawabi a jami'a, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai ta minti 20 a mota ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta raɗa masa suna Omowale, da Yarabanci ɗa ya dawo gida. Wata 9 bayan nan, a 21 ga Fabrairu 1965, aka harbe shi a Niyok. Mutum uku aka ɗaure. Biyu daga ciki, Muhammad Aziz da Khalil Islam, sun yi shekara 20 ko fiye kowannensu suna cewa ba su ba ne. Sai a watan Nuwamba 2021 kotu ta wanke su, bayan an gano cewa FBI da 'yan sandan birnin sun danne takardun da za su kuɓutar da su. Khalil Islam bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 2009. Shekara 55 gaskiya na kwance a cikin fayil.

Kuma su waye kakannin mutanen nan? Daga gaɓar nan tamu aka kwashe su. A Bahiya ta ƙasar Barazil, bayi Hausawa ne suka ƙulla shirin tawaye a 1807. A watan azumin 1835 Musulmin birnin Salbado, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu, suka sake tashi. An murƙushe su, 'yan sanda suka kwance layun da ke wuyansu suka ajiye a matsayin shaida, har yau rubutun Larabcin nan na ma'ajiyar gwamnati a can. Da waɗannan takardu da bayanan kotu masana suka rubuta tarihinsu. Bahaushe da Bayarabe a sahu ɗaya, kusan shekara 200 da suka wuce, mu kuma a nan Sabo muna tambayar ina ruwanmu.

Akwai wani gidan yari a jihar Luwiziyana da ake kira Angola. Da can gandun bayi ne, kuma sunan ƙasar Angola ya ci. A nan aka jefa Albert Woodfox ɗakin kaɗaici a 1972, bisa zargin kashe wani gandiroba, bayan shi da abokansa sun kafa reshen Baƙar Damisa a cikin kurkukun. Faɗin ɗakin ƙafa 6, tsawonsa ƙafa 9, awa 23 a ciki kullum. Mun auna da tef a ƙasan ajinmu, muka zana da alli, bai kai shagon mai shayi ba. Sau uku kotuna na soke hukuncin da aka yi masa. An sake shi ranar 19 ga Fabrairu 2016, ranar da ya cika shekara 69, bayan kusan shekara 44. Abokinsa Herman Wallace an sake shi a watan Oktoba 2013, ya rasu bayan kwana 3. Matar gandiroban da aka kashe ma ta fito ta ce ba ta yarda su ne suka kashe mijinta ba. Wata ɗalibarmu ta shiga cikin zanen allin nan ta tsaya, ta ce, Malam, kawuna ma yau shekararsa 3 a tsare ba a yanke masa hukunci ba. Wannan ita ce amsar masu cewa ina ruwanmu, kuma ba mu muka sa ta faɗa ba.

Zargi na uku shi ne mai nauyi, kuma ba mu raina shi ba. An ce mu baƙi ne a ƙasar mutane, zaman lafiyarmu na rataye da kawar da kai, in yara suka cika kunnuwansu da labarin tawaye wata rana za su jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu. Masu wannan magana sun ga abin da ba mu gani ba. Sun ga Shagamu a 1999, sun ga Idi Araba a 2002, sun kwana da makullin shago a hannu suna jiran abin da gari zai waye da shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mun yarda. Sai dai muna roƙon su zo su ga me yaran suka tsinta a ciki.

Sun karanta labarin kurkukun Atika a jihar Niyok. A 9 ga Satumba 1971 fursunoni fiye da 1,000 suka ƙwace wani sashe na gidan suka yi garkuwa da gandirobobi. Buƙatunsu su ne abinci mai kyau, da magani, da 'yancin yin addini, don a lokacin wanka sau ɗaya ake ba su a mako. Fursunoni Musulmi ne suka yi wa gandirobobin zobe suna kare su daga masu son taɓa su. Duk da haka gandiroba ɗaya ya mutu daga dukan da ya sha ranar farko, an kuma kashe fursunoni uku a tsakaninsu. Ranar 13 ga wata gwamna ya sa aka shiga da bindigogi. Cikin 'yan mintuna aka kashe mutum 39, fursunoni 29 da waɗanda aka yi garkuwa da su 10. Hukuma ta fito ta ce fursunoni ne suka yi wa waɗannan yankan rago, jaridu suka buga. Washegari likitan da ya duba gawarwakin ya ce ƙarya ne, dukkansu harsashi ne ya kashe su, kuma fursunoni ba su da bindiga ko ɗaya. Sai a shekara ta 2000 aka biya waɗanda aka azabtar diyya.

To me yaro mai hankali zai ɗauka daga nan? Mun tambaye su. Babu ko ɗaya da ya ce a tashi a yi bore. Abin da suka gani shi ne tawayen kwana 5 ya ƙare da gawarwaki, kuma rahoton likita ɗaya mai tsoron Allah ne ya hana ƙarya zama tarihi. Sun ga yawancin waɗanda suka dogara da bindiga a cikin ƙungiyoyin nan sun ƙare ko a kabari ko da furfura a kurkuku. Sun ga duk wanda aka wanke sunansa, lauya ne da fayil da haƙurin shekaru suka wanke shi. Sun kuma ga cewa aikin jam'iyyar da talakawa suka fi tunawa shi ne karin kumallon da ta fara bai wa yara 'yan makaranta kyauta a 1969. Wallahi in akwai abin da ke sanyaya kan matashi mai zafin jini, to karanta yadda zafin jini ya ƙare da waɗanda suka fi shi ƙarfin hali ne. Yaron da za mu ji wa tsoro shi ne wanda bai karanta komai ba, sai ɗan guntun bidiyo na sakan 30 da wani ya yanko ya ɗora masa kiɗa.

Yanzu kuma mu juyo kanmu, don nan ne abin ke yi mana ciwo. Mutanen can, da talaucinsu da ɗaurin da aka yi musu, sun ajiye sunayen nasu da muryoyinsu, har ga shi yaron Sabo na zaune a Badun yana jin muryar wanda ya mutu shekara 50 da suka wuce. Mu fa? Mun ce wa yara su gwada neman namu. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. 'Ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, a birane da ƙauyuka. Sunan Malam Aminu Kano ya fito, na Hajiya Gambo Sawaba ma ya fito, ita da aka ɗaure sau da yawa. Amma ina sunayen telolin da manoman da 'yan koli da aka ɗaure tare da su? Ina muryoyinsu? Wasunsu ma gudun ɗaurin ne ya kawo su Kurmi, jikokinsu na cikinmu, ba su san labarin ba.

Ita kanta Sabon nan, an kafa ta tun 1916. Littafin da duniya ta fi sanin unguwarmu da shi, wani malamin jami'a daga Ingila ne, Abner Cohen, ya rubuta shi, aka buga a 1969. Ya zauna da kakanninmu, ya rubuta yadda suke harkar shanu da goro, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta kankama a nan. Allah Ya saka masa, amma kunya ce a ce shekara fiye da 100 muna nan, wanda ya zo ya tafi shi ke ba da labarinmu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa na nan a harabar jami'ar Badun. Mu nawa ne a unguwar nan muka taɓa taka ƙofarta?

A watan Fabrairu 2021 kasuwar Sasa ta ƙone a rikicin da kowa ya sani. Hausawa sun yi asara, Yarabawa sun yi asara. Yau in aka ce mu kawo jerin waɗanda suka rasu daga cikinmu, da shagunan da suka ƙone, da sunayen maƙwabta Yarabawan da suka ɓoye namu a ɗakunansu, wa ke da shi a rubuce? Kowa na da nasa a ka. Wanda ya mutu ya tafi da nasa. Nan da shekara 20 jikokinmu za su karanta abin da wani ya ga damar rubutawa, ba su da bakin musu.

Ku tuna yaran nan na Kano da Kaduna da aka kama lokacin zanga-zangar watan Agusta 2024. Wata uku suna tsare, ba mai jin ɗuriyarsu. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suka zube a ƙasa saboda galabaita. An ɗauki hoton, duniya ta gani, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ce a sake su. Da babu wanda ya ɗaga waya ya ɗauka fa? A gidajen yarin Nijeriya kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi. Nawa ne daga cikinsu 'yan acaba da masu tura baro da 'yan ga-ruwa na unguwanni irin tamu, waɗanda aka kwasa a samame, iyayensu na can Arewa suna zaton suna nan suna nema? Ba mu ce su fursunonin siyasa ba ne, kar a juya mana magana. Abin da ya haɗa su da na can shi ne, wanda ba a rubuta sunansa ba mantawa ake yi da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga abin da muke nema a taro mai zuwa.

A bar ajin dare da kuɗinsa yadda yake. Wanda ke shakka ya zo daren Alhamis, za mu ba shi kujera a gaba, mu fassara masa duk abin da aka buɗe kalma bayan kalma. Gani ya kori ji. In ya tarar muna zuga yara, ya rufe ajin da hannunsa, mu ma za mu taya shi ɗaukar benci.

A sayi babban littafin rajista guda ɗaya, a damƙa wa dattawa uku da unguwa ta amince da su. Duk ɗan unguwar da aka tsare, a rubuta sunansa da garinsu da ranar da aka kama shi da inda yake da lambar shari'arsa, da yardar danginsa. Littafin ya zauna a hannun dattawan, ba na yawo a waya ba ne, don mun san suna a hannun mugu makami ne. Duk wata a duba wa aka kai kotu, wa aka manta da shi, wa ke buƙatar lauya ko mai tsaya masa beli.

A ba yaran ajin izini su riƙa zama da tsofaffinmu, maza da mata, suna naɗar muryoyinsu. Yadda suka zo, a jirgin ƙasa ko a bayan shanu, wa ya sauke su, wane mai gida ya riƙe su, me suka gani. Wanda ya ce kar a saki maganarsa sai bayan ransa, a mutunta hakan. A ajiye kwafi a wuri uku. A bara kaɗai mun binne tsofaffin da kowane ɗayansu zai cika kaset goma, ba mu riƙe ko jimla ɗaya daga bakinsu ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ne fa jikokin masu tawada da alƙalamin kara, waɗanda ke rubuta ranar haihuwar ɗa a bayan littafi, masu riƙe salsalar malamansu har zuwa kan na farko. Dillalan Sabo sun yi shekaru suna ba da shanu bashi, kowane mai gida da malamin da ke rubuta masa lissafi. In mun iya ajiye lissafin sa da saniya, lissafin ɗan Adam bai kamata ya gagare mu ba.

Iyayenmu, mun san don kare mu kuka yi magana, Allah Ya ƙara girma. Mu ma don kare unguwar nan muka mayar. Ranar taro kowa ya zo, har da iyaye mata da 'ya'yansu ke ajin, a ji ta bakinsu kafin a ɗaga hannu. Allah Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, a nan da ko'ina, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.